Fifit Da Tsuntsun Shanu: Baƙon Ƙwai A Sheƙar Ciyawa

A cikin watan Yuni na shekarar 1843 wani ayarin masu binciken halittu ya sauka a Fort Union, wani sansanin fatauci da ke bakin kogin Misuri, a yankin da a yau a ke kira Dakota ta Arewa cikin ƙasar Amurka. Madugun ayarin shi ne John James Audubon, mutumin da ya yi suna wajen zana hotunan tsuntsaye. In sun fita daji sai su riƙa jin wani kuka siriri mai daɗi, kamar ana kaɗa ƴan ƙararrawa, amma ba su ganin mai yin sa. Suka yi ta bin ciyawa suna dube-dube a ƙasa, ba su ga kome ba. Sai da suka gaji suka ɗaga kai, sa'an nan suka hangi wani ɗan tsuntsu can ƙololuwar sama, yana shawagi yana rera kukansa.

Wannan ɗan tsuntsu shi a ke kira fifit na Sprague. A zamanin Audubon yana da yawa ƙwarai a filayen ciyawa na Amurka ta Arewa. A yau kuwa an sa shi cikin jerin tsuntsayen da a ke jin tsoron ɓacewarsu. Wanda ya fara jin labarinsa ya kan yi saurin ɗora laifi kan wani tsuntsu daban, wanda ke zuwa a ɓoye ya saka ƙwansa cikin sheƙar fifit ya tafi abinsa. To, amma masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Labarin nan labarin bangon ne da wanda ya tsaga shi, kuma duk mai zaune a ƙasar noma da kiwo zai tsinci abin tunani a ciki.

Asalin suna

Faransawa da Ingilishi duka suna rubuta sunan nan pipit. Da ya ke bakin Bahaushe ya fi sabawa da harafin f, sai ya fito fifit. Sunan kwaikwayon kukan tsuntsun ne, kamar yadda sunan agwagwa ya yi kama da kukanta. Fifit dangi ne babba, iri fiye da 40, kuma ana samun su a kowace nahiya in ban da Antaktika mai ƙanƙara. Kusan dukansu ƴan ƙanana ne masu launin ƙasa, suna kiwo a ƙasa, suna sheƙa a ƙasa.

Bayan sunan da jama'a ke kira, masana sun ba kowane tsuntsu suna na Latin mai kalma biyu, bisa tsarin da Linné, mutumin Suwidin, ya shimfiɗa ma dabbobi a 1758. Kalma ta fari ita ce sunan dangi, ta biyu sunan iri, kamar dai a ce sunan gida da sunan yanka. Sunan dangin fifit shi ne Anthus, kuma wani Bajamushe mai suna Bechstein ya kafa shi a 1805.

Da Audubon ya bayyana sabon tsuntsunsa a rubuce a 1844, ya yi kuskuren dangi. Ganin yadda ya ke kuka a sama, sai ya zaci ɗan'uwan tsuntsun nan ne da Faransawa ke kira alouette, ya sa masa Alauda spragueii. Daga baya masana suka duba siffar bakinsa da fikafikansa da ƙafafunsa, suka mai da shi cikin danginsa na gaskiya, ya zama Anthus spragueii. Kalma ta biyu ba ta sake ba. Audubon ya sa ta ne don girmama Isaac Sprague, wani mai zane da ya raka shi a tafiyar. An haifi Sprague a 1811, ya rasu a 1895, kuma ya fi yin suna wajen zana tsire-tsire.

Al'adar sa ma tsuntsu sunan mutum ta jawo gardama a ƴan shekarun nan. A 2020 aka cire sunan McCown daga wani tsuntsun ciyawa, maƙwabcin fifit, saboda mutumin janar ne a rundunar kudu wadda ta yi yaƙi don kare bauta a yaƙin basasar Amurka. Aka ba tsuntsun sabon suna mai nuna kaurin bakinsa. A watan Nuwamba na 2023 ƙungiyar masana tsuntsaye ta Amurka ta ba da sanarwar niyyarta ta sake sunayen Ingilishi na tsuntsayen yankinta da ke ɗauke da sunan mutum, a musanya su da sunaye masu bayyana kamanni ko mazauni. Sanarwar ba ta shafi sunayen Latin ba. Ke nan ko sunan yau da kullum ya sake, Sprague zai ci gaba da zama cikin littattafan masana.

Kamanni da mazauni

Fifit na Sprague bai wuce tafin hannu ba. Tsawonsa wajen santimita 16 ne, nauyinsa kuwa wajen giram 25. Bayansa na da zane-zane masu launin busasshiyar ciyawa, gefen wutsiyarsa fari ne, yana kuma da doguwar ƙumba a yatsan baya. Ba ya tsalle-tsalle, tafiya ya ke yi ƙafa bayan ƙafa cikin ciyawa, yana tsintar fara da ƙwari da gizo-gizo, wani lokaci da ƴan tsaba. Ganinsa a ƙasa na da wuya. Sai mutum ya kusa taka shi ya ke tashi fir, ya yi sama, ya sake faɗowa nesa ya ɓace.

Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne shawagin namiji lokacin neman mace. Ya kan hau sama har ya zama ɗan ɗigo, ya yi ta kewaya yana kuka rabin awa bai sauka ba, an ma taɓa ganin wanda ya kai awa 3. A fili marar itace ba reshen da zai hau ya yi shela, shi ya sa sararin sama ya zama masa dandali.

Yana haihuwa ne a yanki guda kawai na duniya: kudancin lardunan Albata da Saskacewan da Manitoba a Kanada, da jahohin Montana da Dakota ta Arewa da Dakota ta Kudu a Amurka. Yana isa can wajen ƙarshen Afirilu zuwa Mayu. In sanyi ya gabato, wajen Satumba da Oktoba, sai ya yi ƙaura zuwa kudu, ya ci hunturu a Tekzas da jahohin da ke maƙwabtaka da ita da kuma arewacin Meksiko.

Tsuntsu ne mai zaɓen wuri. Ciyawar asali ya ke so, wadda garma ba ta taɓa juya ƙasarta ba, mai matsakaicin tsawo, da ɗan busasshen ganye a ƙasa, ba itatuwa, ba kurmi. Ba ya zama gonar alkama. Ko filin da aka shuka ma ciyawar waje don dabbobi bai cika son sa ba. Yana kuma bukatar fili mai faɗi. Binciken da aka yi a Saskacewan ya nuna an fi samun sa a filayen da suka zarce hekta 100, ƙananan filaye kuwa sau da yawa ya kan ƙaurace musu ko da ciyawarsu na da kyau.

Mace ke gina sheƙa, a ɗan gurbi a ƙasa, da busasshiyar ciyawa, ta lanƙwaso dogayen ganye bisa kai su zama rumfa. Ta kan saka ƙwai 4 ko 5, ta yi kwanci wajen mako 2. Ƴan tsakin na barin sheƙa bayan kwana 10 zuwa 14, tun ba su iya tashi sosai ba. A cikin waɗannan ƴan makonni ne baƙon ke zuwa.

Mai ajiye ƙwai gidan wani

Baƙon shi ne tsuntsun shanu mai jan kai, wanda Faransawa ke kira vacher, wato makiyayin shanu, masana kuma ke kira Molothrus ater. Namijin baƙi ne mai sheƙi, kansa ja-ja kamar ƙasa, macen kuwa toka-toka ce. Nauyinsa ya kusa ninka na fifit. Ya samu sunansa ne don yana bin dabbobi yana cin ƙwarin da ƙafafunsu ke tayarwa, kamar yadda balbela ke bin garke. Kafin zuwan shanu, garkunan ɓaunar Amurka ya ke bi.

Macen ba ta gina sheƙa, ba ta kwanci, ba ta ciyar da ɗa. Aikinta shi ne ta hau wuri mai tudu, ko itace ko shinge ko turke, ta yi shiru tana kallon wasu tsuntsaye suna jigilar ciyawa. In ta gane inda sheƙa ta ke, sai ta jira mai gida ta fara saka ƙwai. Da asuba ta lallaɓo, ta saka nata cikin ɗan lokaci ƙanƙane, ta gudu. Sau da yawa ta kan cire ƙwai ɗaya na mai gida ta yar, ko ta fasa ta sha. Da ya ke ba ta da wahalar reno, tana iya saka ƙwai har 40 a shekara guda. An samu ƙwanta cikin sheƙar tsuntsaye iri fiye da 220, kuma iri fiye da 140 sun taɓa renon ɗanta har ya girma.

Ƙwan tsuntsun shanu na ƙyanƙyashewa cikin kwana 10 zuwa 12, wato ya kan riga na mai gida. Ɗan ya fi girma, ya fi buɗe baki, ya fi naci wajen kuka, saboda haka shi ke karɓe yawancin abincin da iyayen riƙo suka kawo. Ƴaƴan gida su rame, wasu su mutu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk da haka bai kai ɗan kukun Turai mugunta ba. Shi wancan, wanda a Ingila ya kan tashi cikin sheƙar wani irin fifit na can, da ya ƙyanƙyashe sai ya riƙa ɗaukar ƙwayayen gida a bayansa yana turo su waje ɗaya-ɗaya. Ɗan tsuntsun shanu bai saba yin haka ba, da cin rabon wasu ya ke kayar da su.

Wasu tsuntsaye sun koyi kare kai. Akwai masu gane baƙon ƙwai su jefar da shi. Akwai wani ɗan rawayan tsuntsu da ke gina sabon daɓe bisa baƙon ƙwai ya binne shi, ya sake saka nasa a sama. Yawancin tsuntsayen ciyawa kuwa karɓa su ke yi su rena. Kuma jefar da ƙwan ma na iya jawo ramuwa. Wasu masana biyu, Hoover da Robinson, sun buga sakamakon gwajinsu a 2007, wanda suka yi kan wani ƙaramin tsuntsun fadama a jahar Ilinoi. A inda suka cire ƙwan tsuntsun shanu, an lalata kashi 56 cikin 100 na sheƙun. A inda suka bar shi, kashi 6 kawai aka lalata. Alamu sun nuna uwar ce ke komowa ta duba ajiyarta, in ba ta gan ta ba ta yi ɓarna.

An daɗe ana cewa bin garkunan ɓauna ne ya hana tsuntsun shanu zama wuri guda ya yi reno, har ya koyi wannan ɗabi'a. Masana na yau ba su gamsu da wannan bayani ba, don kuwa ƴan'uwansa na Amurka ta Kudu, inda ba ɓauna, su ma haka su ke yi, kuma ana ganin can ɗabi'ar ta samo asali.

Wa ya tsaga bango?

Fifit da tsuntsun shanu sun zauna fili guda shekaru dubbai, fifit bai ƙare ba. Har yau ma, in an kwatanta da sauran tsuntsayen ciyawa, sheƙun fifit kaɗan ne baƙon ƙwai ke shiga, don sheƙarsa a rufe ta ke, kuma tana can tsakiyar fili inda ba tudun leƙe. Namun daji masu cin ƙwai sun fi tsuntsun shanu yi masa ɓarna. Abin da masu bincike suka lura da shi a Kanada shi ne, baƙon ƙwai ya fi yawa a ƙananan filaye da kuma kusa da bakin fili. Tambaya ke nan: me ya mai da babban fili ƙanana?

Kafin ƙarni na 19 ɓauna miliyan 30 ko fiye ke yawo a filayen nan. Suna kiwo su wuce, gobarar daji na bi lokaci-lokaci ta ƙone ƙananan itatuwa, ciyawa ta sake tsirowa. Turawa mafarauta suka yi musu kisan ƙare-dangi, har ya zamana a 1889 waɗanda suka rage ba su wuce wajen 1,000 ba. A 1862 gwamnatin Amurka ta yi dokar da ta ba duk mai son noma fili na wajen hekta 65, Kanada ta yi irin tata a 1872. Aka kawar da mutanen asalin ƙasar daga wurarensu, garma ta shiga. Aka juye ciyawar da ta shekara dubbai tana riƙe da ƙasa. Da fari ya zo a shekarun 1930, iska ta kwashe ƙasar gonaki, ƙura ta rufe garuruwa, dubban iyalai suka yi hijira.

Abin da ya rage na ciyawar asali sai ya zama tsibirai tsakanin gonaki. Kowane tsibiri na kewaye da shingen waya, da hanyar mota, da layin itatuwan tare iska, da turakun lantarki, daga baya kuma da rijiyoyin man fetur. Kowane turke wurin leƙe ne ga macen tsuntsun shanu. Kowane garken da aka tsare wuri guda, da kowace tsabar da ta zube a gona, abinci ne gare ta, kuma tana iya tafiyar kilomita da yawa tsakanin wurin cin abinci da wurin saka ƙwai. Haka tsuntsun shanu ya bazu har gabas da yammacin nahiyar, inda da can bai da yawa. Fifit kuwa ya rasa gida a arewa, yana kuma rasa masauki a kudu, don a hamadar Ciwawa ta Meksiko ana ta mai da filayen ciyawa gonakin ban-ruwa.

Ƙidayar tsuntsaye da a ke yi kowace shekara a Amurka ta Arewa tun 1966 ta nuna fifit na Sprague ya yi ta raguwa da wajen kashi 3 cikin 100 a shekara, har wajen kashi 3 cikin 4 suka ɓace cikin rabin ƙarni. Kanada ta sa shi cikin masu fuskantar haɗari a 1999. Ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Wani babban bincike da aka buga a 2019 ya nuna Amurka da Kanada sun yi asarar tsuntsaye kusan miliyan dubu 3 tun 1970, kuma tsuntsayen ciyawa suka fi shan kashi, da raguwar kashi 53 cikin 100.

Darasi daga Mishigan

Mai karatu zai iya cewa, to, a kashe tsuntsun shanu mana a huta. An gwada wannan a jahar Mishigan, don ceton wani ɗan tsuntsu mai ɗauke da sunan Kirtland, wanda ke sheƙa a ƙasa ƙarƙashin ƙananan itatuwan fain. Ƙidayar 1971 ta samu maza masu kuka 201 kacal, kuma wajen kashi 70 cikin 100 na sheƙunsu na da baƙon ƙwai. A 1972 aka fara ɗana tarko, ana kama tsuntsayen shanu dubbai kowace shekara. Nan da nan baƙon ƙwai ya kusa ƙarewa. Amma yawan tsuntsun bai ƙaru ba, a 1987 ma maza 167 aka ƙidaya. Sai da sabon daji ya taso bayan wata babbar gobara ta 1980, aka kuma dasa itatuwan da ya ke bukata a filaye masu faɗi, sa'an nan ya fara yawaita. Ya zarce maza 2,000, aka cire shi daga jerin masu ɓacewa a 2019. Tarko ya tsai da faɗuwa, mazauni ne ya kawo ƙaruwa.

Saboda haka masu kula da fifit suka fi mai da hankali kan fili. Abin lura shi ne, yawancin ciyawar asali da ta rage tana hannun makiyaya, kuma kiwo ne ya hana a nome ta. Kiwo daidai wa daida na gyara ciyawa yadda fifit ke so. In dabbobi sun yi yawa suka cinye ta ƙurmus, ya tashi. In an hana kiwo da wuta sam, itatuwa su mamaye, nan ma ya tashi. Ana shawartar masu yankan ciyawa su jinkirta har ƴan tsaki su bar sheƙa. A gandun ciyawa na ƙasa da ke kudancin Saskacewan kuma an mai da ɓauna 71 a 2005, don su koma aikin da kakanninsu suka yi.

Abin da ya shafi Sahel

Babu tsuntsun shanu na Amurka a Afirka, amma ɗabi'arsa ba baƙuwa ba ce. Tsuntsaye iri wajen 100 a duniya ke ajiye ƙwai gidan wani, kuma zalaiɗu mai doguwar wutsiya, wanda yaran karkara suka sani da damina, yana cikinsu, don macensa cikin sheƙar ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba ta ke saka ƙwai. Dangin fifit ma suna nan. Wasu mazauna Afirka ne, wasu kuwa daga Turai su ke ƙetaro Sahara kowace shekara su ci lokacin ɗari a filayen ciyawa na Sahel.

Su ma filayen nan suna fama da matsin gatari da garma. Nijar ta gane haka tun da wuri. Dokar ranar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga makiyaya. Gandun Gadabeji da ke jahar Maraɗi, mai faɗin wajen hekta 76,000, an keɓe shi tun 1955. Dokar tsarin karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun ƙara jaddada haƙƙin makiyayi kan wurin kiwo da burtali. Duk da haka kowa ya san yadda gonaki ke hawa arewa, da yadda burtali ke ƙuntata shekara bayan shekara.

Labarin fifit na Sprague ya nuna cewa filin ciyawa ba ya mutuwa rana ɗaya. Ana gutsurar sa ne gona bayan gona, har abin da ya rage ya kasa riƙe masu rai da ke cikinsa, tun daga ɗan tsuntsu mai giram 25 har zuwa garken shanu. Ma'aikacin gandun daji, da mai gari, da ɗan kwamitin rabon filaye, duk ranar da aka kawo musu maganar yanka gona cikin makiyaya, ya kamata su dubi faɗin abin da zai rage kafin su sa hannu. Ciyawar asali in garma ta juye ta, komowarta na ɗaukar shekaru masu yawa, wani wurin ma ba ta komowa yadda ta ke.